Fadl a Bakin Hanyar Mukattam

A kasuwar Ataba na san Fadl, wajen aiki. Ni sunana Hadi, Bazazzagi ne. Karatu ya kawo ni Alƙahira, karatun ya ja, iyali suka ƙaru, sai na shiga raka 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin jallabiya da abaya da takalma. In yi musu tafinta, in taya su ciniki, in haɗa kaya a kai wa masu jirgi. Mai wannan sana'a ba ya rabuwa da 'yan dako, kuma wanda ake nema shi ne wanda ba ya ɓatar da kaya, ba ya yawan surutu.

Wani mai shagon mayafai ne ya nuna min shi yana zaune a bakin amalankensa. Dogo ne siriri, baƙi, furfura ta fara fito masa a gemu ko da yake bai wuce arba'in da kaɗan ba. Na yi masa magana da Larabci, ya amsa da Larabcin Sudan. Ranar wata Hajiya daga Katsina nake yi wa rakiya. Da ya sunkuya zai ɗauki kwalinta sai ta ce da ni, "Malam, ka ce masa ya bi a hankali, akwai turare a ciki."

Kafin in buɗe baki ya ce, "Na ji, Hajiya. Ba abin da zai fashe."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Kai ɗan ina ne?"

"Madani."

"Wace Madanin?"

"Wad Madani, a Sudan. Kakana ne mutumin Haɗeja."

Ya ɗora kwalin ya tura. Hajiya ta bi shi da tambayoyi har bakin titi, yana amsa mata da i ko a'a.

Tun daga ranar shi nake kira. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai, sai kuma ya haɗa da "tamam" da "ya zol" irin na mutanen Sudan. Tarihinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Wani na tsinta a bakinsa wajen shan shayi, mafi yawa kuma daga matarsa Tasneem, wadda ke yi wa amare lalle da dilka, ta haka suka saba da matata Humaira.

Kakansa da ƙafa ya baro Haɗeja zai tafi Makka. Ya tsaya a yankin Jazira na Sudan noman auduga don ya tara guzuri, ya yi aure, ya haihu, ya sauke farali daga baya, ya dawo ya zauna nan har ya rasu. Uban Fadl manomi ne mai 'yan shanu. Shi Fadl tun yana saurayi aikinsa kai madara cikin gari a keke, tulunan ƙarfe biyu rataye hagu da dama. A wannan hanyar yake haɗuwa da 'yan ƙungiyar tseren keke suna atisaye da sassafe. Sai ya riƙa bin bayansu, madara na kaɗawa, har su shiga gari. Mai horas da su ya gaji da ganinsa, wata rana ya ara masa keke mara nauyi ya ce ya zo ranar Juma'a.

Bai zama wani shahararre ba. Ya ci tsere biyu ko uku a gida, an taɓa fita da shi Asmara ta Eritiriya, inda ya fara ganin abin da ake kira hawan dutse. Ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma. Ya ce min a Asmara ya ji kamar ƙirjinsa zai tsage, ya ƙarasa cikin na baya-baya, amma ya ƙarasa. Da shekaru suka fara ja sai ya koma Khartum ya buɗe shagon gyaran keke, ya auri Tasneem, suka haifi 'ya ɗaya, Rania. Matasan da ke son tsere suna taruwa a shagonsa, yana fita da su hanya kafin rana ta yi zafi. Kaftin suke ce masa.

Sai yaƙi ya zo. Suka bar Khartum zuwa Madani, yaƙin ya same su a can, suka yi arewa, suka ƙetaro Masar a bayan wata mota ta cikin hamada. Su biyu suka iso. Na san yarinyar ta rasu a yaƙin, ban san ta yaya ba, ban kuma tambaya ba. A unguwar Arba wa Nus, inda suka kama ɗaki ɗaya a saman wani bene da ba a yi wa shafe ba, kowane gida da nasa mamacin, kuma mutane sun koyi barin juna.

Abin da na lura da shi a Fadl shi ne ba abin da ke taɓa shi. In ka ba shi ladan aikinsa ba ya dubawa, ya cusa a aljihu. In mai shago ya daka masa tsawa, ya tsaya har ya gama, sannan ya ci gaba da ɗaurin da yake yi. Wata rana babur ya taka masa ƙafa a lungun masu takalma, mai babur ɗin ya sauko yana ta "ma'alish, ma'alish," mutane suka taru za su yi masa faɗa. Fadl ya dubi ƙafar, farcen babban yatsa ya ɗaga, jini na fita. Ya ce a ba shi hanya kaya na jira. Sallah yana yi a kan lokaci, in an sallame ya tashi. Abinci kuwa, Tasneem ta ce ko gishiri ta manta ba zai ce komai ba, ta ma taɓa gwadawa da gangan. Ta ce da can Abu Rania take kiransa, yanzu ta rasa da me za ta kira shi, sai dai ta tsaya a gabansa har ya ɗago.

Wani Bamisire mai sayar da barguna ya taɓa yi masa tayin aiki da keke mai ƙafa uku, irin na kai kaya, da lada mai kyau. Fadl ya ce amalanke ya ishe shi.

Cikin sanyin bara, wata ranar Laraba, na dawo gida na tarar da Tasneem a wurin Humaira. Bayan mun gaisa ba ta tashi ba, ta gyara mayafi ta ce, "Malam, wata alfarma nake nema."

Na ce Allah ya sa ina iyawa.

Ta miƙa wa Humaira waya, Humaira ta miƙo min. Hoton wani saurayi ne da hular kwano da riga mai ruwan ganye, yana kan keke. Ta ce, "Hamad ke nan. Ɗan garin Mai Wurno ne a can Sudan, Bahaushe. A shagonmu ya tashi, a gidanmu yake cin abincin rana. Yana ƙasar waje wurin atisaye yaƙi ya tashi, bai dawo ba, wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke shi. Ran Asabar za su yi tsere a nan, za su hau dutsen Mukattam."

"Fadl ya sani?"

"Na nuna masa. Ya duba ya ce ya yi ƙiba. Shi ke nan." Ta karɓi wayarta. "Tun da muka fito bai kira kowa cikin yaran nan ba, layin ma ya canja. In ni na ce ya je, ba zai je ba. Amma kai yana jin nauyinka. Ka ce kai ne kake son gani."

Ban yi ƙarya ba da na faɗa masa haka washegari, don kuwa ban taɓa ganin tseren keke ido da ido ba. Na ce ina son wanda zai yi min bayani. Ya ɗan jima yana kallon igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Tamam, Ustaz. Sai mu fita da wuri, za su rufe hanya."

Ran Asabar muka haɗu bayan asuba muka hau ƙaramar bas. Ta sauke mu a gindin dutsen, daura da Ƙal'a, tsohuwar ganuwar nan mai masallaci a kai, don 'yan sanda sun riga sun gitta shinge. Daga nan sai ƙafa. Hanyar tana hawa tana lanƙwasa a jikin farin dutse, ni ina haki ina tsayawa, shi yana tafe hannu a aljihun tsohuwar rigar sanyi, in ya ga na tsaya ya tsaya, ba ya waiwayowa. A wata kwana mai tsauri, inda kwalta ta miƙe sama kamar tsani, ya ce, "Nan." Muka sami gefen dutse muka zauna.

Daga wurin ana hango gari a ƙasa, hayaƙi ya lulluɓe shi, hasumiyoyi sun leƙo ta ciki, ga tsofaffin maƙabartu shimfiɗe a gindinmu. Iska mai sanyi tana busowa. Mutane suka riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Misirawa da iyalansu da kujerun roba, samari a kan kekuna masu tsada da matsattsun kaya, wasu Turawa mata da miji da kare. Mai gasa dankali ya turo kurarsa tana hayaƙi ya kafa kusa da mu. Can sama kaɗan wasu 'yan Eritiriya sun ɗaura tuta a jikin shinge, sun zo da ganga, tun ba a ga kowa ba suke rawa.

Ban san yawancin kallon tseren keke jira ba ne sai ranar. Muka zauna har rana ta ɗaga. Na sayo shayi, ya karɓa ya riƙe har ya huce. Na tambaye shi yadda abin yake, ya ce za su hau nan, su sauka ta ɗaya gefen, su kewayo ta ƙasa su sake hawa, haka har sau biyar, na ƙarshe a sama za a tsaya. Na ce ashe za mu gan su da kyau. Ya ce, "Za ka ga launi."

Jiniya muka fara ji daga ƙasa. Babura suka wuce, sai wata mota da lasifika tana faɗin abin da ba mai ji. Mutane suka miƙe suka matso bakin kwalta. Sai ga su sun ɓullo daga kwana a dunƙule, sun fi ɗari, kafaɗa na gugar kafaɗa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirunsu. Mu ne ke ihu, su ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa, da taya a kan kwalta, da numfashi. Na ji warin zufa da man shafawa. Kafin in ce ina mai riga ruwan ganye, sun shige, motoci masu ɗauke da kekuna a kai suna bin su a jere. Hanya ta koma wayam.

Na juyo da murna na ce, "Ka gan shi?"

Fadl bai ma tashi ba. Ya ce, "Yana tsakiya, ta hagu. Har yanzu yana karkatar da kai."

A hawa na biyu mutum huɗu sun ɓalle sun yi gaba, cikinsu akwai ɗan Eritiriya, masu ganga suka kusa faɗawa kan hanya. A na uku ayarin ya tsinke gida-gida, fuskoki sun canja, bakuna a buɗe, wani yawu na zuba a gemunsa bai ma sani ba. Wannan karon na ga Hamad da idona, a rukuni na biyu, ya miƙe tsaye a kan feda yana jefa keken hagu da dama. Wani ya wurgar da gorar ruwa ta gangaro har gaban Fadl, samari biyu suka yi rububinta. Shi dai ya janye ƙafa ya ba su wuri.

Na yi ta satar kallonsa ko zan ga wani abu a fuskarsa. Yadda yake kallon motocin Ataba in yana jiran su ba shi hanya, haka yake kallon wannan. Na fara jin kunyar kaina, na taso mutum daga neman abincinsa na kawo shi kan dutse cikin sanyi.

A hawa na huɗu ba mu ga Hamad ba. Rukuni na farko ya wuce, na biyu, na uku, sai ɗaiɗaiku. Wani saurayi da ke bin tseren a waya ya ce an yi karo a gangare, mutum biyar sun zube. Na faɗa wa Fadl. Ya ce, "Ana yi." Can bayan motoci sun wuce, har mutane sun koma kan kujerunsu, sai ga shi shi kaɗai. Wandonsa ya yage a cinya, fata ta saluɓe ja wur, gwiwar hannu na jini. Ya wuce mu a hankali, kansa a ƙasa.

Fadl ya ajiye kofin shayin a kan dutse. 

Hawa na ƙarshe kowa hankalinsa na kan na gaba. Suka wuce su biyu, ɗan Eritiriyan da wani Bature, masu ganga suka kwashi tutarsu suka bi su da gudu. Sauran suka biyo a warwatse. Jama'a suka fara naɗe tabarmi, mai dankali ya fara rage wuta. Mu muna zaune. An daɗe sosai, har wani ɗan sanda ya fara jan shinge, sannan muka hango riga ruwan ganye a kwanar ƙasa. Dab da bayansa wata farar bas ce ke tafe a hankali, wadda ke kwashe waɗanda suka gaza. Ta tagoginta ana ganin waɗanda ta riga ta kwasa, sun jingina kai da gilashi.

Hamad ba ya tafiya miƙe. Yana yanka hanya daga wannan gefe zuwa wancan don ya rage tsaurin hawan, keken na rawa a ƙarƙashinsa. Da ya iso inda kwalta ta fi miƙewa sai ya kusa tsayawa cak. Na ga ya fara murɗa ƙafa zai cire ta daga feda.

Ban ga lokacin da Fadl ya tashi ba. Na dai gan shi a tsakiyar hanya da silifas, ya ɗora tafin hannu a ƙugun Hamad yana turawa, yana gudu. Ɗan sanda ya busa usur. Direban bas ya danna oda. Hamad ya waiwayo a fusace, sai bakinsa ya buɗe.

"Kaftin!"

"Dubi gabanka," in ji Fadl. "Zauna. Sauke giya. Taka."

Silifas ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Ya tura shi har suka fita daga kwanar, sannan ya ba shi wata irin ingiza ya sake shi. Hamad ya tafi yana waiwaye. Bas ta bi shi.

Ɗan sandan ya iso yana faɗa da hannu. Fadl ya tsaya ya saurare shi har ya gama, ya ce masa "hadir," wato ya ji, ya dawo ya ɗauki silifas ɗinsa. Numfashinsa na fita da ƙarfi, amma fuskar tana nan yadda take. Ya dubi tafin hannunsa, jiƙe da zufa da ɗan jini, ya goge a wando.

Na ce, "Mu ƙarasa sama?"

Ya ce, "Tunda mun zo."

A sama an kafa rumfuna da lasifika, ana ta kiɗa, ana ba waɗanda suka ci furanni. Muka zaga bayan motocin ƙungiyoyi muka same shi zaune a bakin kwalbati, wani ma'aikacin jinya na wanke masa cinya. Ya ƙarasa, amma bayan lokacin da aka yanka, don haka an cire shi daga tseren, wanda na kwanaki ne, gobe ba zai hau ba. Da ya hango mu ya ture mai jinyar ya taso yana ɗingishi, ya rungume Fadl yana magana Hausa da Larabci a cakuɗe.

"Kaftin, wallahi na neme ka. Na kira layinka har na gaji. Na tambayi kowa, wani ya ce kana Kasala, wani ya ce an gan ka a Halfa. Ashe kana nan! Ina Anti Tasneem?"

"Tana lafiya. Tana gaishe ka."

"Rania fa? Yanzu ai ta zama budurwa. Tana nan tana damun mutane da ƙararrawar keke?"

Fadl ya ce, "Ta rasu."

Hamad ya tsaya da murmushin a fuskarsa, bai san inda zai kai shi ba. Ya koma ya zauna a kwalbatin. Kekensa da ke jingine ya fara zamewa, Fadl ya tare shi da hannu ɗaya ya riƙe, nesa da jikinsa. A tsaye ya ba da labarin, da muryar da yake faɗa min adadin kwalaye.

"Ka san tana da sukari. Allurarta sai a firji, wuta kuwa ta ɗauke tun farkon abin. Muka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma muka sa a gindin randa. Ta ƙare. Na zaga kantunan magani, wanda ba a rufe ba an fasa shi. Aka ce akwai a Madani. Mota babu, mai babu. Na ce wa uwarta ta jira maƙwabta in sun sami babbar mota, ni zan yi gaba. Ta goya min ita da mayafinta, ta ɗaure a nan da nan." Ya nuna ƙirji da ciki. "Ban ɗauki kekena na tsere ba, za a ƙwace. Tsohon baƙin nan na shago na ɗauka.

"Masu bindiga sun tsayar da ni a wurare. Wani ya leƙa ya ga yarinya ya ce wuce. Wani ya sa in tsaya a rana sai ya ga dama. Da na fita gari hanya ta buɗe, iska na bayana. Hamad, ban taɓa gudu irin na ranar ba, ko ina saurayi. Da farko tana magana, tana ƙirga jakuna. Ta ce ƙishirwa, na miƙa mata gora ta kafaɗa. Ta yi min amai a wuya, ta ce in yi haƙuri. Daga baya ta kwantar da kai. Na ce barci ne, gara in yi sauri. Ina jin ɗumi a bayana, ashe zafin rana ne.

"Kafin Hasahisa ruwa ya ƙare, na tsaya wurin wata mai shayi a bakin hanya. Ta zagayo bayana ta leƙa. Ta ce, ɗana, sauko mu kwance ta."

Kiɗa na tashi daga rumfa, ana kiran sunan wanda ya zo na ɗaya.

"Ban san inda ta cika ba," in ji Fadl. "Na yi ta lissafi, ko wajen gada ne, ko bayan shingen ƙarshe. Ban sani ba. Mutanen ƙauyen suka yi mata sutura. Mutanen kirki ne. Na bar musu keken."

Hamad ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro, kafaɗunsa na girgiza, jini na sake tsattsafowa daga cinyar. Ni ma na kau da kai. Fadl ya jingina keken da mota, ya dafa masa kai yana cewa, "Ma'alish. Yi haƙuri. Kwananta ne ya ƙare. Ma'alish, ya zol." Duk wanda ya gan su zai ɗauka Hamad aka yi wa rasuwa.

Wani Bature na ƙungiyarsu mai riƙe da waya ya leƙo ya ce mota za ta tashi. Hamad ya share fuska ya karɓi lambar Fadl, ya kira nan take don ya tabbata ta shiga. Ya ce ya san wani mai shagon kekuna a unguwar Zamalek, inda ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke kai gyara, yana neman ƙwararre, zai yi masa magana yau ɗin nan. Fadl ya ce in sha Allah. Ya ƙara da cewa, "Kada ka bari ciwon nan ya bushe da bandeji a kai. Kuma ka rage cin burodi."

Muka gangaro da ƙafa. An buɗe hanya, motoci sun dawo da odarsu. Mai dankali na nan, Fadl ya sayi biyu aka naɗe masa a takarda, ya ce na Tasneem ne. A cikin bas ya jingina kai da taga, kafin mu fita titin Salah Salim barci ya ɗauke shi, baki a buɗe, dankalin a cinyarsa. Sai da na tashe shi a tasha.

Ran Litinin ya zo aiki yana ɗan ɗingishi, ya ce cinyoyinsa ne suka ɗaure. Mai shagon Zamalek ya kira shi har sau biyu, ni na ga kiran, bai je ba. Hamad ya koma inda ƙungiyarsa take. Yana turo saƙon murya kusan kullum, dogaye, labarin atisaye da abinci da sanyin ƙasar. Wani lokaci wajen shan shayi Fadl yakan kanga wayar a kunne ya saurara har ƙarshe. Amsarsa ba ta wuce "tamam" ko "Allah ya taimaka."

Bayan azumi, wata rana muna jiran a gama ɗaure kaya, ya ce da ni, "Ustaz, an ce rubutunka na da kyau."

Na ce daidai gwargwado.

Ya ce yana so in rubuta masa sunan yarinyar da Larabci, da manyan baƙaƙe, Rania Fadl, da addu'a gajeriya a ƙasa. Akwai maƙeri a unguwarsu da zai fitar da shi a farantin ƙarfe, a yi masa ƙafa ta kafawa a kan kabari. Mutane sun fara komawa gida jefi-jefi, ya ce ko za a sami mai bin hanyar Madani ya kai.

Na rubuta a bayan wani kwali, na sake rubutawa har ya yi yadda nake so. Na ce, "Sunan ƙauyen fa? Sai a faɗa wa mai kaiwa."

Ya daɗe yana kallon rubutun. Ya ce, "Ban tambaya ba. Akwai dai bishiyar darbejiya, da mai shayin. In tana nan."

Maƙerin ya yi aikin da kyau, ya shafa masa baƙin fenti, rubutun fari. Humaira ta gan shi a ɗakinsu, an naɗe shi da tsohon zani an tura ƙarƙashin gado. Har yau ba a sami mai kaiwa ba. Fadl yana nan Ataba, a bakin lungun masu mayafai. Jiya ma shi ya kai min kayan wasu mutanen Maraɗi, dila shida da kwalin takalma, ya dawo ya ce ɗaya dilar ɗinkinta ya fara buɗewa, a faɗa wa masu jirgi su ƙara mata igiya.